Takardar Garanti da Basillar Ustad Baƙir

Mutumin da ya fara shigo da takalmin hawan dutse sabo fil, wanda ƙafar kowa ba ta taɓa shiga ba, cikin garin Dorkan, shi ne Madugu Sakhawat ɗan Inayat ɗan Rustam, a ƙarshen hunturun shekarar da aka gama gadar ƙarfe ta gindin gari. Ya kamata a faɗi wannan daidai, domin akwai masu jingina abin ga wani mutumin Khaplu, alhali kuwa nasa na gwanjo ne da aka goge da mai. Kafin wannan shekara, duk takalmin da ya taka ƙanƙara daga kwarinmu, ko dai na baƙi ne masu zuwa hawan duwatsu, waɗanda kan bar wa 'yan dako tsofaffin kayansu idan tafiya ta ƙare, ko kuwa na kasuwar gwanjo ta Skardu. Sakhawat ne kuma ya fara kawo takardar garanti garin nan.

Sai dai ba za a gane abin da ya faru ba sai an koma kan kakansa. Rustam shi ne madugun farko na 'yan dakon Dorkan, kuma ƙa'idoji biyu ya bari. Ta farko ta samo asali ne daga wata tafiya da tafin takalmin wani ɗan dako ya ɓamɓare a tsakiyar kogin ƙanƙara, tafiyar kwana uku daga gida mafi kusa. Mutumin ya dawo da ransa, amma da rabin ƙafa. Tun daga ranar Rustam ya yanke cewa ba takalmin da zai bi ayarinsa sai baduku ya zagaye tafinsa da ɗinki biyu, da zare mai kakin zuma, komai kyan takalmin, komai nisan ƙasar da aka yi shi, domin shi bai yarda da gam ba. Ta biyu kuwa ita ce madugu ba ya miƙa sandar jagoranci a ɗaki. A kan La ake miƙa ta, wato wuyan dutsen nan da ayari ke ƙetarewa a rana ta bakwai, inda mai bayarwa da mai karɓa duk suka hau da ƙafafunsu. A can Rustam ya miƙa wa Inayat. A can Inayat ya miƙa wa Sakhawat, ana zuba dusar ƙanƙara har mutum ba ya ganin na gabansa.

A shekarar da muke magana Sakhawat ya cika sittin da ɗaya, kuma ya riga ya sanar da cewa a tafiyar watan Yuli zai miƙa sanda ga Jawad, ɗan ƙanensa, wanda ya shekara goma sha biyar yana biye da shi. Abu ɗaya ne ya tsaya a gabansa, shi ne ƙafarsa ta hagu. Sanyi ya cinye yatsu biyu daga cikinta shekara goma sha biyu da suka wuce, sauran ukun kuma sun fara yin sanyi ko a ɗaki. A cikin hunturun ya sauka birnin Pindi ganin likita, da rakiyar matarsa Nargis. Likitan ya latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce idan suka sake jiƙewa suka daskare, wuƙa ba a yatsu za ta tsaya ba. Da shi kaɗai ya ji wannan magana, da ya bar ta a Pindi. To amma Nargis na zaune a kujerar da ke kusa da ƙofa. Tun kafin su sauko daga bene ta gaya masa sharaɗinta: ko dai takalmin da ruwa ba ya shiga, ko kuwa ya miƙa wa Jawad sanda a tsakar gida, a gaban kaji. Shekara talatin da takwas suna tare, ya san maganar da take yi don a yi gardama da wadda take yi don a bi.

A hanyarsu ta komawa masauki suka ci karo da shagon. Na wani kamfanin kayan hawan dutse ne, inda yake sauke kwantan shekarun baya a kan rangwame: riguna masu gashin tsuntsu, da tantuna, da jakunkuna, da takalma jere har rufi. Sakhawat bai so kalmar kwantai ba, sai da mai sayarwa ya bayyana masa cewa kayan ba su da aibi, launi ne kawai ya tsufa, Turawa kuma ba su son launin bara. Wannan ya ba shi dariya. Ya gwada guda biyar, ya tsaya a kan wani mai ruwan ƙasa, lamba arba'in da uku, wanda aka ce ko a kogi ka tsaya da shi safarka ba za ta jiƙe ba. Rabin kuɗinsa ya biya. Sannan aka miƙo masa rasit da wata takarda mai hatimi, aka ce garanti ne na shekara guda: idan takalmin ya gaza, ya kai shi kowane reshe nasu, har da na Skardu, a musanya masa.

Wannan takarda ta fi takalmin burge shi. A wajensa lamuni ne, irin wanda dattijo kan yi a gaban shaidu idan ya sayar da saniya, kuma bai taɓa jin cewa mutanen da ba su san ka ba, ba su san ubanka ba, za su ɗaure kansu haka saboda ƙafarka. Ya naɗe ta a leda ya ajiye a akwatin ƙarfe tare da takardun gona. Duk wanda ya zo gaishe shi da dawowa sai an fito da ita ya gani, amma daga cikin ledar. 'Yarsa Marziya, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta nemi ya ba ta ta karanta masa, tunda da Turanci aka rubuta. Ya ce mata hatimi ba ya buƙatar malama, kuma yawan warwarewa shi ke kashe takarda.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, ya ɗauki takalmin ya kai wa Ustad Baƙir. Bai tsaya tunani a kai ba, kamar yadda mutum ba ya tunani kafin ya wanke hannu ya ci abinci. Baƙir yayan Nargis ne, kuma shi ne baduku na uku a gidansu da ke yi wa ayarin Dorkan ɗinki biyu. Tun suna samari shi da Sakhawat ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsokana ba.

Baƙir ya juya takalmin, ya shinshina, ya zura hannu ciki. "Madugu mai yatsu takwas, an caje ka kuɗin goma ne, ko an rage maka na biyun?"

"An rage mini rabi, Ustad. Da kai ne da sun ƙara, saboda warin fata."

Baƙir ya ce bai taɓa taɓa takalmi mai laushin ciki irin wannan ba, har ya ɗan yi jim da basilla a hannu. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Ya yi yadda ubansa ya koya masa: ya huda daga ciki, ya fito ta gefen tafi, ya ja zare ya ɗaure, har ya zagaye sau biyu. Aiki ne mai kyau, kowa ya shaida. Ɗinkin ya jeru kamar haƙoran matashi.

Saura kwana tara a tashi, layin ban ruwa ya zagayo kan gonar sha'irin Sakhawat. Ya ga dama ta samu ta gwada takalmin a gaban jama'a. Ya sa shi, ya ɗaure igiya har sama, ya shiga magudana don ya kawar da dutsen da ke tare ruwa. Ruwan daga ƙanƙara yake saukowa kai tsaye. Bai gama ɗaga dutsen ba ya ji sanyi ya zagaye tafin ƙafarsa, a hankali, ta ko'ina lokaci ɗaya. Ya gama aikinsa bai nuna komai a fuska ba, har ya tsaya ya amsa wa maƙwabcinsa tambaya a kan farashin takalmin. A gida Nargis ce ta cire masa. Ta matse safar, ta shanya ta a kan katangar da ke fuskantar inda yake zama shan shayi.

Bai damu sosai ba, domin yana da takarda. Washegari da sassafe ya fito da ita daga akwati, ya sa babbar rigarsa da hularsa ta ulu, ya nufi motar jif mai zuwa Skardu. A tasha ya tarar da Baƙir zaune a gidan gaba, wai zarensa ya ƙare zai je saye. Duk garin an san Baƙir yana da zaren da zai kai jikokinsa, amma Sakhawat ya ƙyale shi, ya zauna kusa da shi. Tafiyar sa'a shida ce, sun yi ta suna cin busasshen culi, 'ya'yan itacen nan da muke shanyawa a kan rufin ɗaki, suna musu a kan wace shekara kogi ya cinye tsohuwar hanya.

Reshen kamfanin yana tsakiyar kasuwa, tsakanin mai sayar da gas da mai ɗinkin bargo. Manajan, Tanwir, mutumin Gilgit ne, ɗan kimanin shekara arba'in, mai ladabi. Ya san sunan Sakhawat tun kafin ya faɗa, ya ba su kujeru, ya aika aka kawo shayin gishiri. Sai da aka sha aka gaisa sosai, sannan Sakhawat ya ɗora takalmin a kan kanta, ya zare takardar daga leda da hannu biyu, ya bayyana abin da ya faru a tsare, daga likita har magudana.

Tanwir ya ɗaga takalmin ya juya tafinsa sama. Ya daɗe yana kallon ɗinkin.

"Apo," in ji shi, yadda ake kiran dattijo a wajenmu, "wa ya yi wannan?"

Baƙir ya gyara zama ya ce shi ne, kuma in akwai wanda ya fi shi a Skardu a kira shi.

Tanwir ya ce ba ya shakkar haka. Sannan ya warware takardar, karon farko tun daga Pindi, ya sa yatsa a kan layi na huɗu ya fassara musu: lamunin yana faɗuwa idan aka huda kayan, ko aka ɗinka, ko aka sauya masa wani abu a wajen kamfani. Ya faɗi haka da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai isar da ta'aziyya.

Sakhawat bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce a saninsa ɗinki biyu ba sauyi ba ne, cikawa ce, kuma takalmin da ba a ɗinke ba bai gama zama takalmi ba. Ya kawo labarin Rustam da mutumin da ya dawo da rabin ƙafa. Ya lissafa ayarin da suka ƙetare La a zamanin Inayat da nasa, ba tafin da ya taɓa ɓamɓarewa ko ɗaya. Ya ce lokacin da Haji Sikandar ya sayar wa ubansa saniya a kan lamuni, ubansa ya huda mata hanci ya sa igiya, kuma da ta kasa ba da nono Haji ya karɓe ta bai ce an sauya ta ba. Yana cikin wannan bayani idonsa ya sauka ƙarƙashin kanta, inda ƙafafun manajan suke.

"Manaja Sahib, naka fa? Ko kamfani ne ya zagaye maka shi da baƙin zare?"

Tanwir ya dubi takalminsa na ofis, ya yi dariya har ya rufe fuska. Ya ce ranar da ya saye shi, bai ko sa ba mahaifiyarsa ta ɗauke ta kai wa baduku, kuma duk ƙasar nan ba gidan da ba a yin haka. Ya ce shi a ransa yana tare da Apo. Amma idan ya aika da wannan takalmi Pindi da ɗinki a jikinsa, za a dawo masa da shi a mota ta gaba. Abin da zai iya kawai shi ne ya sayar masa da wani sabo, irinsa sak, ya ƙara masa rangwame a kan rangwame.

Sakhawat ya auna maganar a ransa. Sabon takalmi ba zai bi ayari ba sai an ɗinke shi, wannan ba abin tattaunawa ba ne, shi da kansa ya mayar da mutane gida daga bakin gada saboda haka. Idan kuma aka ɗinke, ga abin da ya biyo baya a kan kanta. Ya hango kansa a tsakar gida da sanda a hannu, Jawad tsaye a gabansa da takalmin tafiya, shi kuma da silifa. Zai zama na farko a gidansu da ya yi haka, kuma a garinmu na farko ba a mantawa da shi.

Baƙir dai ba ya iya zama wuri ɗaya a inda ake sayar da takalma. Ya tashi yana zagaya shagon, yana taɓa wannan yana latsa wancan, har ya leƙa bayan labule. Daga can ya kira surukinsa ya zo ya gani. Wani babban kwali ne cike da takalma masu ruwan ƙasa, irin na Sakhawat, kowanne tafinsa ya saki daga gaba, ya buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

Tanwir bai ɓoye ba. Ya ce waɗannan ne aka dawo da su a kan garanti tun farkon bazara. Kayan sun shekara huɗu a sito kafin a sauke su a shagunan rangwame, gam ɗin ya mutu a zaune, mutum zai yi mako guda da shi lafiya sannan tafin ya rabu. Duk an musanya wa masu su da wani samfuri. Su kuma waɗannan, umarnin da aka ba shi shi ne ya tsaga kowanne da wuƙa, ya ɗauki hoto ya aika, sannan ya zubar. Ya ƙara da cewa a cikin duk waɗanda aka sayar daga wannan kaso, na Apo ne kaɗai ya gani da tafinsa a jikinsa.

Sakhawat ya karɓi wannan magana kamar yadda ake karɓar gaisuwar da aka daɗe ana jira. Ya nemi manajan ya maimaita, aka maimaita. Ya ce Allah ya jiƙan Rustam. Amma daɗin bai daɗe ba, domin gaskiyar kakansa ba ta busar masa da safa ba.

Baƙir ya riga ya zauna a ƙasa da ɗaya daga cikin waɗanda aka tsaga. Ya nemi izini, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya bi tsagar ya buɗe takalmin kamar mai feɗe akuya. Tsakanin fatar waje da shafin ciki ya tarar da wani abu fari, siriri kamar fatar ƙwai, an ɗinka shi siffar safa, ya naɗe ƙafa gaba ɗaya har ƙarƙashin tafi. Ya ciro shi a hankali, ya zuba masa ragowar shayinsa, ya ɗaga sama. Ko ɗigo bai fita ba. Ya daɗe yana riƙe da shi.

"Wannan ne laushin da na ji," in ji shi. "Ni na huda ta, Sakhawat. Sau ɗari da wani abu a kowace ƙafa."

Rabon da ya kira shi da sunansa tun ranar da aka yanke masa yatsu.

"Ni na kawo maka," in ji Sakhawat. "Kuma ni na hana yarinyar nan karanta takarda."

Baƙir ya koma kan takalmin, yana auna da farce inda farar safar ta tsaya da inda gefen roba ya hau kan fata. Ya ce akwai wuri, bai kai faɗin ƙaramin yatsa ba, inda allura za ta iya kama tafi da fatar waje ba tare da ta shiga ciki ba, amma sai daga waje, kuma sai da basilla mai lanƙwasa, wadda ba shi da ita, ubansa ma bai taɓa mallaka ba. Sannan ya zura hannu cikin kwalin ya yi ta tonawa har ya fito da ƙafa biyu da wuƙa ba ta kai gare su ba tukuna, lamba arba'in da uku, tafinsu na reto.

Tanwir ya ce ba shi da ikon bayar da su, ko kyauta ko sayarwa, sai ya tambayi Pindi. Ya buga waya, aka ce mai yanke hukunci ya fita. Suka je suka yi azahar, suka ci miyar taliya a rumfar da 'yan dako ke ci, suka dawo. Sai bayan la'asar amsa ta zo. Kamfani ya yarda a sayar da su a kuɗin da bai wuce na abincin da suka ci ba, bisa sharaɗi biyu: a cire tambarin kamfani daga jikinsu, kuma mai saye ya sa hannu a takardar da ke cewa ba garanti, ba musanya, duk abin da ya same shi a dutse ba ruwan kamfani.

Wannan takarda ta biyu, Sakhawat ya sa Tanwir ya karanta masa ita layi-layi. Da aka gama ya ari wayar shagon ya kira Marziya, ya sa aka sake karantawa tana ji, ta tabbatar masa da fassarar. Ba ta ce masa komai game da ta farkon ba, tarbiyyar uwarta gare ta. Sannan ya sa hannu, cikakken suna har da na uba da na kaka.

Kwana uku Baƙir ya rufe rumfarsa ga kowa. Ya gasa basilla biyu a wuta suka karye kafin ta ukun ta lanƙwasu yadda yake so. Ya kankare mataccen gam, ya shafa sabo, ya danne da dutsen niƙa kwana guda, sannan ya fara ɗinki daga waje, yana tsayawa bayan kowane huji ya zura yatsa ciki ya ji ko tsini ya taɓa. Da ya gama zagaye na farko ya aika a tambayi Madugu ko ɗaya ya isa, tunda wurin ya yi ƙunci. Amsa ta dawo cewa Rustam biyu ya ce. Baƙir ya yi 'yan maganganu a kan Rustam waɗanda ba sai an maimaita ba, ya yi na biyun.

Nargis ce ta tsara gwajin, saura kwana uku a tashi. Ta ba mijinta farar safa sabuwa, ta kai shi magudanar da ta kunyata shi, ta ce ya tsaya a ciki har ta gama shan shayi kofi biyu. Ta zauna a kan dutse da butarta, yayanta a gefe yana wasa da zare kamar abin bai dame shi ba. Ba ta yi sauri ba. Da ta ajiye kofi na biyu, Sakhawat ya fito ya zauna, ta kwance igiyar da kanta, ta cire takalmin, ta shafa safar daga dunduniya zuwa yatsu, ta juya ta, ta kara a kumatunta. A bushe take.

Ta dubi yayanta. "Su kamfani shekara guda suka ce, ga inda ta kai mu. Kai nawa ka ce?"

"Kwana goma sha huɗu, zuwa da dawowa," in ji Baƙir. "Bayan nan ya zauna a gida kamar sauran tsofaffi. In ruwa ya shiga, ki zo ki karɓi basillar."

"Me zan yi da basilla? Ƙafa na ba ka."

"To ƙafar zan dawo miki da ita, ƙanwata."

Ta juya ga mijinta, ta ce, "Baban Marziya, sai a fara haɗa kaya."

Ayari ya tashi ranar da aka sa, 'yan dako talatin da baƙi shida. Kowace safiya kafin a ɗaura kaya Sakhawat kan juya takalminsa ya bi ɗinkin da yatsa, kowace yamma kuma ya duba safarsa. A rana ta huɗu sun ratsa ruwan narkewa har idon sawu, a ta shida sun yini cikin dusar ƙanƙara mai laushi. A rana ta bakwai, da hantsi, suka hau La, sama tas ba gajimare. Ya tsaya inda ubansa ya tsaya, ya kira Jawad, ya karanta sunayen waɗanda suka riƙe sandar kafin shi, ya miƙa masa. Ya maimaita masa ƙa'idojin Rustam guda biyu yadda ya karɓe su, sannan ya ƙara cewa ɗinkin daga waje za a riƙa yi, kuma duk takardar da aka ba mutum a shago, a karanta ta kafin a sa ta a leda. Daga nan ya koma bayan ayari, ya bi sawun ɗan ƙanensa har gida.

Ga abin da aka samu da abin da aka riƙe. Garantin shekara guda ya tafi, ba a ci moriyarsa ko ta kwana ɗaya ba. Takardar tana nan a akwatin ƙarfe, tare da ta biyun da ta soke lamuni, kuma yanzu duk mai so yana iya warware su. Takalmin farko ya koma na zuwa gona a ranakun da ba ban ruwa. Dorkan ta sami basilla mai lanƙwasa, wadda har daga Khaplu ake kawo mata aiki. Ɗinki biyu yana nan. An miƙa sanda a kan La karo na uku, ba a tsakar gida ba. Yatsu kuwa, takwas suka hau, kuma Nargis ta ƙirga su a bakin ƙofa kafin ta bar shi ya shiga ɗaki: takwas suka sauko.